Motar da Ke Mutuwa In An Yi wa Direba Faɗa

Ban taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da aka taru a farfajiyar asibitinmu don a sallami Baba Pam direba ba. Mu shida ne a wurin. Akwai Hajiya Zainab, 'yar marigayi Likita mai asibitin, wadda ta karɓi ragamar wurin bayan rasuwarsa. Akwai Sista Rifkatu, babbar nas, rungume da fayil. Akwai Oga Sande makanike, da Malam Sabo rewaya, wato mai gyaran wayoyin mota. Akwai Baba Pam da kansa, ya tuɓe hula ya riƙe a hannu. Sai ni Asabe, da ake kira Iya, shugabar masu shara, wadda babu wanda ya gayyata. Motar da ake rigima a kanta tana tsakiyarmu, an buɗe mata bonet, kwananta uku ba ta ko yi tari ba.

Ni ban yi boko ba. Rifkatu ce ke rubuta wannan, na kuma ce in ta gama ta karanta mini, kada ta ƙara gishiri. Ku sababbin ma'aikata da kuke jin ana ce mini Injiniya kuna dariya, ga inda sunan ya samo asali.

Asibitinmu ƙaramin asibitin haihuwa ne a Nasarawa Gwom. Dokar da Likita ya bari ita ce, ba a korar ma'aikaci sai an ba shi takardar gargaɗi sau uku, sannan a zauna da shi gaban shaidu ya faɗi ta bakinsa. A shekara ashirin da shida da Baba Pam ya yi yana tuƙi, ko ɗaya bai taɓa karɓa ba. Cikin wata biyu na daminar nan ya karɓi uku. Saura 'yan watanni ya yi ritaya, ga shi ana shirin fitar da shi da sunan maci amana. Mutumin da ya kai Zainab firamare, ya ɗauko ta, ya saya mata masara a bakin hanya!

Motar doguwa ce, fara, ta girmi yawancinku. Likita yana zama ne a kujerar baya ta hannun dama, wurin mai mota, kuma babu mai zama nan sai shi. Bai yarda masu wankin mota su shiga ciki ba, sun wanke waje ke nan. Sharar ciki tawa ce, kullum kafin ƙarfe bakwai. Bayan ya rasu motar ta yi shekara biyu tana ɗauko magani da kai takardu, Baba Pam shi kaɗai a gaba, baya ba kowa. Ko sau ɗaya ba ta tsaya a hanya ba. Da Hajiya ta dawo daga Abuja ta kama aiki, ta ce motar babanta za ta riƙa shiga daga gidansu na Rayfield zuwa asibiti. Ta zauna inda yake zama. Mako biyu da haka aka fara.

Ana cikin tafiya lafiya lau, sai inji ya ɗauke ɗif. Babu tari, babu fizga, kamar an hura fitila. Baba Pam ya gangara gefe ya murɗa makulli, sitata na juyawa, batir da ƙarfinsa, mai cike da tanki, amma mota ba ta tashi. Hajiya ta sauka ta hau keke napep cikin fushi, shi kuma ya nemi a jawo motar zuwa asibiti.

Oga Sande ya zo da akwatinsa. Shi ya koya mini abin da na sani, domin mutum ne da ba ya iya aiki bakinsa a rufe. Ya ce mota abu biyu take buƙata, mai da wuta. Mai ya shiga inji, wuta ta kyasta shi. Ya zare wata waya mai kauri daga kan fulogi, ya kusantar da bakinta ga ƙarfen inji, ya ce a murɗa. In da wuta, za a ga tartsatsi shuɗi yana tsalle. Ba a ga komai ba.

"Kwayil ne," in ji shi. "Ya gaji. Motan nan tsoho ne, Iya."

Ya sa sabon kwayil, tulun da ke dafa wutar ke nan. Aka murɗa, shiru. Ya sosa ƙeya ya ce a bari sai da safe. Da safe na yi sharata na tafi. Ƙarfe takwas ya zo, ya murɗa makulli sau ɗaya, mota ta tashi tana gurnani. Ya buga ƙirji.

"Kun gani? Sabon kaya sai ya kwana, ya saba da inji."

Na ce, "Sande, amarya ce?"

Ya ce, "Iya, ki tsaya kan tsintsiyarki."

Na tsaya kan tsintsiyata.

Bayan kwana tara ta sake mutuwa. Wannan karon ya ce kwandensa ne. Ya canza, shiru, ta kwana, ta tashi da safe. Karo na uku murfin distiributa da rota, abin da ke raba wa fulogai wuta. Karo na huɗu ya canza fulogan duka da wayoyinsu. Kowane sabon kaya sai ya kwana ya saba. In ya gama kuma sai ya ɗauki motar ya zaga da ita har Naraguta ya dawo, ya hau tudu, ya faɗa ramuka da gangan, ba ta ko yi atishawa. Tsofaffin kayan da yake cirewa ina tsince su ina zubawa a kwali a ɗakin ajiyata. Ba don na san amfaninsu ba, ni dai ba na son ganin an yar da ƙarfe.

Hajiya kuwa ba sakara ba ce, tana lura. Abin da ta gano shi ya ja wa Baba Pam takardu. Duk lokacin da motar ta mutu, tana cikin yi masa faɗa ne. Ranar farko kan makara. Ta biyu kan ya bi hanyar da ta hana. Ta uku kan ya tsaya gaishe da wani dattijon cocinsu tana sauri. Ta ce ai shi ke kashe motar da gangan, don ya nuna mata bai yarda yarinyar da ya goya ta ɗaga masa murya ba. Ku faɗi gaskiya, in ku ne ba haka za ku zata ba? Ta kira Malam Sabo ya bincika ko direba ya ɓoye wani maɓalli. Malam Sabo ya kwance gaban motar, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya laluba ƙasan kujerar direba, duk inda hannu ko ƙafar direba za su kai. Bai ga komai ba. Baya kam bai shiga ba. Kayansa duk baƙin mai ne, kuma kowa ya san mai gyara ba ya hawa kujerar mai mota. Shi da Sande ko ƙofar ba su taɓa buɗewa ba.

Ranar Lahadi 'yar ƙanwata ta haihu a Naraguta, na ɗauki hutun kwana uku na tafi. Ranar Litinin mota ta mutu karo na biyar. Sande ya canza maɓallin makulli gaba ɗaya, ya ce a bari ya kwana. Ya kwana, shiru. Ya kwana biyu, shiru. Ranar Laraba ya ce wannan kayan ɗan taurin kai ne. Hajiya ta kulle motar, ta jefa makulli a jaka, ta sa Rifkatu ta buga takardar sallama, zama ranar Alhamis ƙarfe goma.

Na dawo Alhamis da sassafe, na ɗauki tsintsiya na nufi mota, na tarar a kulle. Baba Pam yana zaune kan benci, idonsa ja. Ya ba ni labari. Na kafa goshi a gilashin baya ina duba dattin kwana huɗu, raina a ɓace. Nan na ga lotsawar.

A kafet ɗin da ke gaban kujerar Likita, kusa da ƙofa, akwai wani ɗan zare a murɗe kamar hancin maɓallin riga. Tun zamanin Likita yake nan, ina share shi ina wucewa, na ɗauka saƙar ce ta kwance. To tun da Hajiya ta fara shiga, wasu ranakun sai in tarar wurin ya lotsa, kamar an danna babban yatsa a tuwo. Ni kuwa ba na barin abu a karkace. Sai in kama zaren in ja sama, in ji ƙas, kafet ya daidaita, in ci gaba da shara. Ban taɓa kawo komai a raina ba.

Na tsaya ina lissafi da yatsu. Sau nawa na ja zaren nan? Huɗu. Wace safiya? Na tuna kowace safiyar akwai tabon hannun masu turi a bayan motar. Na juya wurin Baba Pam.

"Pam, in motar za ta mutu, me kake ji?"

"Faɗa nake ji, Iya."

"Ban da faɗa."

Ya ce, "Sai dai ƙarar takalminta. Kin san ta."

Na san ta kuwa. Tun tana shekara huɗu, in aka hana ta abu, sai ta ɗaga ƙafar dama ta doka a ƙasa. Ta girma, ta yi digiri, ta yi aure, ƙafar ba ta daina ba, sai ma tsini da takalmin ya ƙara. Ban ce wa Pam komai ba, don ban tabbata ba, kuma bai kamata a sa wa mutum rai da zato ba.

Ƙarfe goma aka taru. Rifkatu ta karanta takardun gargaɗi uku. Hajiya ta ce, "Sau biyar. Duk sau biyar ina cikin magana da shi. Baba Pam, me za ka ce?"

Ya ce, "Hajiya, Allah yana gani, hannuna biyu suna kan sitiyari. Ban san abin da zan ƙara ba."

Ta juya ga Sande. Shi kuwa da ya ga jama'a sai ya gyara tsayuwa. Ya ce shi a gaskiya ya canza duk abin da ake canzawa, in mota ta ƙi bayan haka, to ba laifin ƙarfe ba ne, hannun mutum ne. Ya karɓi makulli ya buɗe ƙofofi, ya ce Pam ya shiga ya murɗa, kowa ya gani da idonsa.

Na ce, "Hajiya, tunda an buɗe, bari in share baya."

"Iya, yanzu ba lokacin shara ba ne."

"Kwana huɗu ba a share wurin Likita ba. Ku yi shari'arku, ni ba da baki nake shara ba."

Ta ɗaga hannu alamar in yi abin da na ga dama. Na buɗe ƙofar baya na durƙusa. A gaba Sande ya zare wayar fulogi, amma maimakon ya kusantar da ita ga ƙarfe kamar yadda ya saba, sai ya damƙe bakinta da tafin hannu ya ɗaga sama don kowa ya gani.

"Madam, dubi nan. Babu wuta ko na ashana. Ko jariri na ɗakin haihuwa zai riƙe. Pam, murɗa!"

Allah ya sani na yi niyyar in ce ya saki. Amma mutumin nan ya ce in tsaya kan tsintsiyata. Pam ya murɗa, na kama zare na ja. Ƙas.

Ban ga tsallen ba, ina durƙushe. Ihun na ji, da faɗuwar akwatin sifanu. Rifkatu ta ce ya kira sunan mahaifiyarsa da na ƙauyensu. Da na miƙe, yana can jikin bishiyar mangwaro yana yarfe hannu, mota kuwa ta tashi tana ɗingishi saboda wayar da ke lilo. Malam Sabo ya sa Pam ya kashe, ya mayar da wayar, aka sake murɗawa, inji ya kama sumul.

"Ya saba!" Sande ya faɗa daga gindin mangwaro. "Na ce muku kayan zai saba!"

Na ce, "Ba sabo ba ne. Hajiya, ranki ya daɗe, shiga ki zauna wurinki."

"Me zan yi a ciki?"

"Ki yi wa Pam faɗa. Pam, ɗora hannunka biyu a ka, ka fito da ƙafafunka waje."

Ta dube ni kamar na zare, amma ta shiga, don ban taɓa roƙonta abin banza ba. Inji yana aiki. Mutum ba ya fushi da odar wani. Ta ce, "Baba Pam, ka makara," a hankali kamar mai gaisuwa. Mota ba ta ko girgiza ba. Sande ya fara murmushi. Na ga takardar sallama tana leƙowa daga fayil ɗin Rifkatu, na ce a raina yau sai dai a kore mu mu biyu. Na ɗaga murya yadda har masu jiran awo a baranda za su ji.

"Jama'a, kun san wannan da kuke ce wa Hajiya, sunanta na gida 'Yar Ƙanzo? Har ta shiga aji uku, in aka nemi ta aka rasa, a duba bayan kicin, tana nan kanta cikin tukunyar tuwo. Ran nan ma kan ya maƙale, sai da muka shafa man gyaɗa..."

"Iya!"

Ƙwas. Inji ya ɗauke ɗif.

Pam yana zaune hannu biyu a ka. Hajiya ta sunkuya tana kallon ƙafarta, tsinin takalmin yana daidai kan zaren. Na ce ta ɗaga. Na ja, ƙas, na ce Pam ya murɗa. Ta tashi. Na danna da gindin tsintsiya, ta mutu. Na ja, ta tashi. Sai da na yi sau uku don kada Sande ya ce sabo ne.

Malam Sabo ya goge hannunsa a tsumma, ya nemi izini, ya shiga baya karon farko. Ya ɗaga kafet. Ga wani ɗan maɓalli an huda ƙasan mota an dasa shi, kansa ɗaure da zaren nan, wayoyi biyu sun bi ƙarƙashi sun shige cikin ainihin ɗaurin wayoyin motar, an naɗe su yadda ido ba zai raba ba. Ya jinjina kai ya ce aikin gwani ne, kuma ba na garin nan ba. Ya yi mana bayani. Zamanin da ake yawan ƙwace motoci a hanya, masu hali kan sa irin wannan. In 'yan fashi suka tare, mai mota ya danna da dunduniya kafin ya fita, wutar kwayil ta yanke, ko sun kwana murɗawa ba za ta tashi ba. Ƙa'idar abin kuwa ita ce a kai mota wani gari a sa, kada makaniken gida ya sani, kada direba ya sani. Nan na tuna wata tafiya da Likita ya yi shi kaɗai, ya ba Pam hutun da bai nema ba.

Na zata Pam zai yi murna. Ya fito daga mota ya tsaya yana kallon maɓallin.

"Ashe shi ma bai yarda da ni ba," in ji shi.

Malam Sabo ya ce, "A'a, Baba, ana ɓoye wa direba ne don kada a doke shi a ce sai ya faɗa."

Ni ban san wanne ne gaskiya ba, Likita ya tafi da amsarsa. Abin da na ce kawai shi ne, "Pam, ni shekara nawa ina share kan abin nan, bai gaya mini ba. 'Yarsa ta cikinsa ga ta nan, bai gaya mata ba. Sa hularka."

Hajiya ta karɓi fayil daga hannun Rifkatu, ta zare takardar sallama da na gargaɗin duka uku, ta yayyaga. Sannan ta tuɓe takalman nan ta tsaya a ƙasa da ƙafa, ta rusuna gabansa yadda take yi tana yarinya. "Baba, ka yafe mini. Ni nake kashe ta, ina kuma ba ka takarda." Ya ce ba komai, ya juya baya yana gyara madubin da ba abin da ya same shi. Ni kuma ta ce mini a kunne, zancen tukunya in na sake yinsa a bainar jama'a, ni da ita ne. Ga shi na sake, Rifkatu ta rubuta.

Sande ya matso yana cewa dama tun farko jikinsa ya ba shi matsalar daga baya take. Na shiga ɗakin ajiya na ɗauko kwalin, na dire a gabansa. Malam Sabo ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, kwayil, kwandensa, rota, duk lafiyarsu ƙalau. Shi ya fara ce mini Injiniya, don ya tsokani Sande, sunan ya bi ni.

Abin da nake so ku ɗauka, ku nas-nas da masu shara da masu gadi, shi ne wannan. Sande ya san inji, ban raina masa ba. Amma wata biyu yana tambayar ƙarfe, bai taɓa tambayar su wa ke cikin motar ba, ina suka zauna, me suke yi lokacin da ta mutu, wa ya taɓa ta kafin ta tashi. Hajiya ta lura da lokacin daidai, sai ta ɗora wa na ƙasa da ita, ba ta duba ƙafarta ba. Ni ma sau huɗu ina gyara mota ban sani ba, da ban je barka ba da har yau ban sani ba. In abu ya lalace a wurin aiki, kafin a buga wa mutum takarda, a kira duk wanda hannunsa ke taɓa abin, har mai tsintsiya.

Malam Sabo ya so ya yanke maɓallin a ranar, Hajiya ta hana. Ta ce abin babanta ne, a bar shi, za ta riƙa kiyaye ƙafarta. Na ce to. Na san ƙafar nan shekara talatin.

Washegari kafin bakwai na zo da murfin wata tsohuwar langa daga gida. Na ɗaga kafet na kifa shi a kan maɓallin, na mayar da kafet na daidaita. Na ce Pam ya tayar da mota. Na tattare zane na shiga, na zauna a kujerar Likita, karo na farko a rayuwata. Na ɗaga ƙafa na doka da iya ƙarfina, sau uku. Murfi ya yi ƙara, inji bai ko motsa ba.

Pam ya dube ni ta madubi. "Ranki ya daɗe, ina muka nufa?"

Na ce, "Kashe, kana ƙona mai." Na sauka na ɗauki tsintsiyata, ɗakin haihuwa yana jirana.